Zaren Uwar Nisa

A sararin sama, tsakanin Kano da Agadas, akwai wani birni da ba ya cikin taswirar kowa. Ba a ƙasa aka kafa shi ba, a rataye yake cikin farin gajimare, shi ya sa mazaunansa suke ce masa Birnin Rataye. Tsuntsaye sun san da shi, in sun zo daidai wurin sai su karkata su kewaye. Mutane kuwa ba su sani ba, sai wanda ƙaddara ta jefa, kamar yadda ta jefa Tanimu matuƙin jirgi shi da mahaifiyarsa.

Tanimu mutumin Kano ne, magidanci, yana tuƙa wani ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya wanda ake haya in ana sauri. Mahaifiyarsa Hansatu 'yar Agadas ce. Aure ya kawo ta Kano tun tana budurwa, a bayan babbar mota, suka yi ta kwana a hanya har ta daina lissafi. Daga nan hidimar gida da haihuwa suka riƙe ta, zuwa gida ya yi wuya, har tsufa ya zo ya zauna mata a gwiwa. Mutum ɗaya ya rage mata a can, yayarta Azara, wadda ta goye ta bayan rasuwar uwarsu.

Wata safiya aka bugo waya daga Agadas. Azara tana kwance, ta daina cin abinci, ba ta kiran sunan kowa sai Hansatu.

Tanimu ya tarar da mahaifiyarsa tana ɗaure kaya a zani. Ta ce, "Auta, kai ni tasha. Ko ban same ta da rai ba, in ga kabarinta."

Ya ce, "Inna, wace tasha? Mota sai ta kwana ta wuni da ke, ga ciwon gwiwa. Na roƙi maigidanmu ya ba ni jirgi. A sama tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Kafin azahar kina zaune kusa da ita."

Ta dube shi ta ce, "Ka ce in Allah ya yarda."

Ya ce, "In Allah ya yarda, Inna."

Da hantsi suka tashi. Hansatu ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ta runtse ido tana jan carbi har sai da ta ji jirgin ya daidaita, sannan ta leƙa. Ta ga gonaki sun koma kamar faci a jikin riga, daga baya kore ya ƙare, ƙasa ta yi ja, ta yi fari. Ta ce, "Ikon Allah. Nan fa muka kwana biyu motarmu ta kafe a yashi." Tanimu ya yi dariya ya ce sun wuce wurin tun kafin ta rufe baki.

Sun ci fiye da rabin hanya sai ga gajimare a gabansu, fari fat, tsaye kamar katanga. Tanimu ya yi mamaki, don ba a faɗa masa akwai hadari ba. Ya karkata dama, katangar ta bi shi. Ya karkata hagu, ta bi shi. Kafin ya yi wata dabara sun shige ciki. Nan take suka ji wani abu ya yi ƙara, tas, kamar tsirkiyar garaya ta tsinke, jirgin ya girgiza. Allurar kamfas ta shiga juyawa kamar mahaukaciya. Ya kira hasumiyar filin jirgin Kano, ya kira ta Agadas, rediyo ba ya ba da komai sai shuu. Sitiyari ya ƙi bin hannunsa. Wani abu ya riƙe jirgin daga sama kamar yadda shaho yake riƙe ɗan tsako, ya sauke shi a hankali a kan wani fili fari mai laushin auduga.

Da suka fito sai suka ga ganuwa ta ƙanƙara, da soraye masu sheƙi, da rana tsaye a hantsi ba ta motsi. Dogarai suka kewaye su, dogaye ƙwarai, ƙafafunsu irin na gauraka, kowane ya lulluɓe da fukafukansa kamar alkyabba. Hansatu ta kama hannun ɗanta tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Babu wanda ya taɓa su. Aka dai sa su gaba har fada.

Sarkin birnin yana zaune a kan wata guguwa da aka naɗe ta zama karaga. Gemunsa hayaƙi ne, idanunsa kamar walƙiya daga nesa. Da ya yi magana sai da ƙasan fadar ta amsa.

"Ya kai bil'adama, wane ne kai, kuma wa ya ba ka fukafuki?"

Tanimu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, sunana Tanimu. Wannan mahaifiyata ce. Matafiya ne mu, Agadas za mu, yayarta ce ba lafiya. In mun shigo ƙasarka ba sallama, ba da sani ba ne. Ka yi mana afuwa mu wuce."

Sarki ya ce, "Shigowa ba sallama ƙaramin laifi ne, na yafe. Amma wuƙar da take juyawa a hancin dabbarka ta tsinke zaren Uwar Nisa. Tun da aka kafa garuruwa, tsakanin kowane gari da ɗan'uwansa akwai zare, ita take kaɗa shi, a kansa tafiya take tafiya. Na tsakanin garin da ka baro da garin da za ka, kai ka tsinke shi yau."

"Allah ya ja zamaninka, to a ɗaura mana, mu muna sauri."

Fadawa suka yi wata dariya kamar iska a cikin kara. Sarki ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya ce, "Ba na tsare baƙo. Ƙofa a buɗe take. In ka iya tafiya, tafi."

Tanimu bai jira an sake faɗa ba. Ya sa mahaifiyarsa a jirgi, ya tayar da inji, suka keta gajimaren suka fito sarari. Ga hamada a ƙasa, ga kuma can gaba, ƙarama kamar tsinke, hasumiyar masallacin Agadas. Hansatu ta dafa gilashi ta ce, "Ga ta can! Auta, ga garinmu can! Gidanmu yana bayanta kaɗan."

Ya ce, "Yanzu za mu sauka, Inna."

Suka yi ta tafiya. Injin yana kuka yadda ya saba, iska tana wucewa, amma hasumiyar ba ta ƙara girma ba ko da ƙwayar gero. Ya ƙara wuta, tana nan yadda take. Ya dubi ƙasa ya ga wani tudun yashi mai kama da raƙumi a durƙushe, ya ɗauke kai, da ya sake dubawa tudun yana nan a ƙarƙashinsu. Abu ɗaya ne yake motsi a cikin jirgin, allurar mai, tana sauka. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya juya hancin jirgi ya nufi Kano, ya hango Dutsen Dala a can ƙarshen gani, shi ma ya tsaya inda yake. Da ya waiwaya, farin gajimare yana manne da wutsiyar jirgin, ashe ko taku ɗaya ba su yi ba. Man ya kusa ƙarewa, dole ya koma ya sauka a kan farin filin nan, inda dogarai suke tsaye yadda ya bar su.

Hansatu ba ta yi kuka ba. Ta dai tambayi wani dogari ko azahar ta yi. Ya ce mata a birninsu rana ba ta gota hantsi. Ta ce, "To can ƙasa fa? Can tana tafiya?" Ya ce, "Can tana tafiya." A nan ne Tanimu ya ga fuskarta ta canza.

Suka koma gaban sarki. Sarki ya ce, "Ka gani da idonka. Inda babu zare babu isa, ko da za ka yi gudu har fukafukanka su ƙone. Ba ni da ikon ɗaura shi. Ku sauka gindin birni wurin Uwar Nisa. Hanya ɗaya ce, ta Kasuwar Iskoki, da Zauren Masu Jira, da Gadar Tsawa. A kasuwa kada ku taya komai. A zaure kada ku zauna. A gada kada ku yi gudu."

Suka kama hanya, tsohuwa tana dogara kafaɗar ɗanta. A Kasuwar Iskoki an ɗaure iskoki a turke kamar raguna, wata tana huci, wata tana tono ƙasa. Masu sayarwa suka yi ca a kansu. Wani mai baki har kunne ya tare Tanimu ya ce, "Ya kai mai sauri, ga iskar da za ta kai ka inda kake so kafin ƙiftawar ido. Ba na son komai, ka dai ce kana so." Bakin Tanimu ya buɗe. Hansatu ta matse masa kafaɗa har farcenta ya shige shi. Ya haɗiye maganar. Da suka gota ya waiga, ya ga wani baƙon aljani ya taya irin iskar, aka kwance ta, ta sure shi ta yi ta juyawa da shi a wuri ɗaya yana ihu, 'yan kasuwa suna tafi.

Zauren Masu Jira ya fi kasuwar ban tsoro, don shi shiru ne. Dogon zaure ne shimfiɗe da tabarmi masu taushi, ga randunan ruwan sanyi. Mutane ne zaune birjik, 'yan Adam kamarsu. Akwai mai tufafin fatake na zamanin da, akwai mai kwari da baka, akwai wata mata da tulu a gabanta. Gwiwoyin Hansatu sun kumbura, numfashinta yana fita da ƙyar. Wani dattijo mai rawani ya matsa ya ce, "Baiwar Allah, zauna ki huta. Mu ma yanzu muka zo, da safen nan."

Ta ce, "Malam, ina za ka?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Ya dubi hannuwansa. Ya ce, "Wani wuri ne. Akwai wanda yake jirana." Ya yi ta nema a ransa bai samu ba, daga baya ya yi murmushi ya ce, "Zai zo mini. Zauna mana."

Hansatu ta ji ƙafafunta suna lanƙwashewa da kansu. Ta ce, "Auta, riƙe ni. Faɗa mini sunan yayata."

Ya ce, "Azara, Inna."

"Sake faɗa."

Haka suka ratsa zauren, yana faɗa tana maimaitawa, har suka fita ta ɗaya ƙofar.

Gadar Tsawa siririya ce, faɗinta bai fi tafin ƙafa biyu ba, an shimfiɗa ta a kan wani rami da baƙin hadari yake tafasa a ciki. A cikin hadarin akwai macizan walƙiya, masu saran duk abin da ya motsa da sauri. Tanimu ya wuce gaba, mahaifiyarsa ta riƙe bayan rigarsa. Suna tsakiya wani maciji ya taso ya miƙe a gabansu, fari mai kashe ido, ya kawo kansa daidai fuskar Tanimu har gashin girarsa ya ƙone. Duk jikinsa yana ce masa ya ruga. Ya ji muryarta a bayansa tana cewa, "A hankali. Ɗaga ƙafa ɗaya. Ajiye." Ya ɗaga, ya ajiye. Macijin ya bi su yana shinshina har bakin gada, sannan ya nutse.

A gindin birni suka sami wani ɗaki mai faɗin gaske, ba shi da bango, sai zaruruwa da suka fita ta kowace kusurwa suka ɓace a sarari, dubbai a kan dubbai. A tsakiya wata tsohuwa tana zaune, ƙanƙanuwa, gashinta fari ya zuba har ƙasa, tana murza mazari a cinya. Ba ta ɗago ba. A gabanta ga bakin zare guda ɗaya a yashe, yana motsi kamar wutsiyar ƙadangare da aka datse.

Hansatu ta yi sallama ta durƙusa da ƙyar. Ta ce, "Ranki ya daɗe, mun yi miki ɓarna. Ɗana ne, kuma saboda ni ya taso. Yayata tana bakin mutuwa."

Uwar Nisa ta ce, "Na sani, ya ke 'yar Adam. Zaren nan ya san ki. Kin taɓa bin sa kina kuka a bayan mota, kina waiwayen garinku." Ta ɗago ta dubi Tanimu. Idanunta ba su da baƙi. "Kai kuma ka sha wucewa ta kansa ba ka taɓa ganinsa ba. Ku saurara, sau ɗaya nake magana. Bakin da ya fito daga Kano, hannun da ya tsinke shi ne zai riƙe shi, a nan, a tsaye. Bakin Agadas kuwa ya zame ya koma can garin. Sai an ɗauko shi daga ƙofar gari an jawo shi har ƙarƙashin ɗakin nan, a ƙasa, da ƙafa. Ba a kan dabba ba, ba a kan ƙarfe ba. Kuma sai jinin mai riƙon ne zai jawo."

Tanimu ya ce, "Ni zan je in jawo."

"Wa zai riƙe?"

"To in riƙe, in na gama in je."

"In ka saki, ya koma Kano, ku biyun kun zama na Zauren Masu Jira. In ka saki tana hanya, hamada ta haɗiye ta."

Ya dubi gwiwoyin mahaifiyarsa, ya dubi tsohuwar aljana. Ya ce, "Ki dube ta fa. Daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ta huta. Abin da kike faɗa tafiyar kwanaki ce ga mai ƙarfi, cikin yashi."

Uwar Nisa ta ci gaba da murza mazarinta. Ta ce, "Ina da shamuwa da za ta sauke ta a garin yanzu, don ba laifinta ba ne. In ta isa, ba mai tilasta mata dawowa. Tana iya zamanta cikin danginta har ƙarshen kwananta. Kai kuwa kana nan."

Tanimu ya sunkuya ya ɗauki bakin zaren. Siriri ne kamar gashi, amma da ya kama shi sai ya ji kamar ya riƙe igiyar rijiya da guga cike. Ya naɗe shi a hannu ya kafa ƙafa. Ya ce, "Inna, ki tafi ki ga Inna Azara. Kuma don Allah, don Annabi, kada ki dawo. Ki aika wa matata da yara, ki ce su yi haƙuri. Ni na tsinke, ni zan riƙe. In kika shiga hamadar nan kika mutu, me na samu?"

Hansatu ta gyara masa wuyan riga da ya karkace. Ta ce, "Kada ka bar salla, ko da ido ne."

"Inna, ki yi mini alkawari."

Ta ɗauki ƙullin kayanta. Wata shamuwa mai girman rumbu ta sauko ta kwantar da wuya, Hansatu ta hau, ba ta waiwayo ba. Yana kallo suka zama ɗigo, suka ɓace.

Daga nan sai tsayuwa. Rana tana hantsi. Ba ya jin yunwa, ba ya jin barci, amma yana jin gajiya da zafin zaren, wanda ya yanka fatar hannunsa ya shige nama. Ba ya iya zama, ba ya iya juyawa. In ya kintaci lokaci ya yi, sai ya yi salla da ido. Ya yi wa Uwar Nisa magana ta ƙi amsawa. Ya yi mata magiya, ya yi mata tsawa, ya ba ta haƙuri, ita dai mazarinta kawai. Daga inda yake yana hango hasumiyar Agadas a gefe guda, ƙarama, kusa kamar ya miƙa hannu ya taɓa.

Uwar Nisa ta jawo wani siririn gashi daga kanta ta ɗaura masa a ɗan yatsa. Ta ce, "Ɗaya bakin yana wuyan hannun mahaifiyarka. Abin da ya same ta za ka ji." Shi ke nan maganar da ta yi masa.

Da farko gashin ya yi ta ɗan motsi a hankali, irin motsin hannun da yake shafa kan mutum. Ya gane ta sami Azara da rai, ya yi hamdala. Aka daɗe a haka. Sannan gashin ya shiga karkarwa, ya yi ta karkarwa, ya gane an yi rasuwa. Ya yi kuka a tsaye, ba hannun share hawaye. Bayan nan shiru. Shirun ya yi tsawo har ya ce a ransa ta ji maganarsa ta zauna. Ya yi murna da gaske, amma sai ya dubi hanyar Zauren Masu Jira ya kau da kai.

Aljanun kasuwa suka gano inda yake. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya zo da kamannin maigidansa yana faɗa a kan jirgi. Wata ta zo da kamannin matarsa da goyo tana cewa yaron ba lafiya, ya miƙo hannu ya karɓe shi. Na ƙarshe ya zo da kamannin Hansatu sak, har da ɗingishinta, ya ce, "Auta, na dawo, an yafe mana. Saki mu tafi gida." Yatsunsa suka fara buɗewa. A daidai lokacin ya ji gashin nan ya ja, kaɗan. Ya sake ja. Ya sake. Ja ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai rauni, irin takun mai ciwon gwiwar hagu. Ya damƙe zaren ya ce wa abin da yake gabansa, "A'uzu billahi. Uwata tana hanya." Abin ya narke ya bi iska.

Ya ɗaga murya yana kiran ta koma, ko da yake ya san ba ta ji. Takun bai tsaya ba. Ya yi ta zuwa, ya tsaya, ya ci gaba. Kullum tsayawar tana ƙara tsawo, tafiyar tana raguwa. Sai ya lura da wani abu: duk taku ɗaya, ɗakin yana ɗan sauka. Gajimaren da yake ƙarƙashinsu ya fara yagewa, ya soma hango tuddan yashi.

Sannan takun ya tsaya cak. Ya jira. Ya yi salla da ido, ya sake yi, ya sake yi, ba motsi. Gashin ya yi sanyi a yatsansa. Ya ce, "Uwar Nisa, ki gaya mini ko tana da rai." Ba ta ɗago ba. Ya ce, "Ki ɗauki idona, ki ɗauki ƙafafuna, ki aika shamuwarki ta ɗauke ta." Mazari kawai yake juyawa. Ya ga babu amfanin riƙon in ta mutu, kuma ya san in tana da rai ya saki, shi ya kashe ta. Bai san wanne ne ba. Jini yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga. Ya riƙe.

Can sai gashin ya motsa. Ba taku ba ne wannan karon, ja ne mai tsawo, sai hutu, sai wani ja. Ya daɗe kafin ya gane rarrafe take yi.

Ɗakin ya ci gaba da sauka har ƙasansa ya taɓa yashi. Zafin hamada ya buge shi a fuska, ya ga rana ta karkata yamma, abin da ya manta kamanninsa. A gabansa kaɗan ga Hansatu a kan gwiwoyi da hannuwa, ta naɗe su da tsumma, ta rame, leɓɓanta sun tsattsage, zare ɗaure a ƙugunta. A bayanta wani babban mutum mai rawani yana jan raƙuma biyu da salkunan ruwa, yana kuka kamar yaro. Ilyasu ne, babban ɗan Azara, wanda ya biyo ta tun daga ƙofar gari yana roƙonta ta hau raƙumi tana ƙi.

Ta rarrafo har gaban Uwar Nisa, ta kwance zaren ta miƙa. Ta ce, "Ga amanarki, ranki ya daɗe. Ba ni ɗana."

Uwar Nisa ta ajiye mazari, abin da ko sarkin birnin bai taɓa gani ba. Ta karɓi baki biyun ta haɗa, ta murza a cinya, suka zama ɗaya ba alamar ƙulli. Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, da yawa an kai su gari, ke ce ta fari da ta dawo. Ɗauki ɗanki. Dabbarsa ta ƙarfe ta zama tamu." Iska ta taso, ɗakin ya ɗaga da zaruruwansa, ya yi sama ya shige gajimare, gajimaren ya watse.

Tanimu ya faɗi a kan yashi, yatsunsa sun ƙi miƙewa. Ya ja jiki ya isa wurinta. Ya ce, "Inna, ban ce kada ki dawo ba?"

Ta ce, "Ka ce."

"Kin same ta?"

"Na same ta. Ta gane ni. Na yi mata kitso, na ba ta kunu ta sha. A cinyata ta cika." Ta kama hannunsa ta juya shi tana duban inda zaren ya ci, ta tofa masa addu'a. "Ta tambaye ka. Na ce kana riƙe mini wani abu."

Ilyasu ya durƙusar da raƙumi, amma gwiwoyin Hansatu ba su lanƙwasuwa ta hau. Tanimu ya juya mata baya ya tsuguna. Ta ce, "Kai, ni za ka goya a gaban mutane?" Ya ce babu kowa sai ɗan'uwansa da raƙuma. Ta yi ɗan gunaguni, sannan ta saƙala hannuwa a wuyansa. Da ya miƙe ya ji ba ta fi nauyin yaro ba.

Ya tsaya yana duban kudu yana duban arewa. Ya ce, "Inna, ina muka nufa?"

Ta ce, "Agadas mana. Ba ka yi wa 'yan'uwanka gaisuwa ba."

Ilyasu ya ja raƙuma ya wuce gaba. Tanimu ya bi sawunsa, kafin su hau tudun farko ya ji numfashinta ya daidaita a kafaɗarsa, ta yi barci.